Katin Daraja da Sikelin Kaya: Nazarin Kason Kayan Manyan Fasinjoji a Jiragen Haɗakar Lamba Daga Mahangar Matafiyin Rumde

Tsakure

Takardar ta nazarci ƙa'idojin da ke tantance yawan kayan da fasinja mai katin daraja zai ɗauka kyauta, idan kamfanin da ya sayar masa da kujera daban yake da kamfanin da zai ɗauke shi. An ɗauki matafiyin da ke tashi daga unguwar Rumde ta Jimeta a matsayin ma'auni, aka bi shi zango-zango har ƙasar waje da dawowa. Nazarin ya nuna cewa kason kaya na asali yana bin lambar da ke kan tikiti, ƙarin da daraja ke bayarwa yana bin jirgin da aka hau, diyya kuma tana hawa kan kamfanonin biyu. Zangon Yola kuwa, wanda shi ne na farko kuma na ƙarshe a tafiyar, galibi yana wajen waɗannan ƙa'idoji gaba ɗaya.

1.0 Gabatarwa

Rumde ɗaya ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Yola ta Arewa, tsohuwar unguwa a Jimeta kusa da kogin Binuwai. Filin jirgin saman Yola, wanda aka sanya wa sunan Lamiɗo Aliyu Mustafa a 2023, shi ma a Jimeta yake, don haka mutumin Rumde ba ya shan wahalar isa gare shi. Sai dai jiragen da ke tashi daga nan a kai a kai na cikin gida ne, zuwa Abuja da Legas. Idan aka ɗebe jigilar alhazai, duk mai fita ƙasar waje sai ya fara sauka a wani filin.

Masu wannan zirga-zirga ba su da yawa, amma sanannu ne: 'yan kasuwar da ke sarin kaya a Dubai da Alƙahira da Guangzhou, masu zuwa Umara duk shekara, malaman jami'o'in Yola, ma'aikatan ƙungiyoyin agajin da suka yawaita a Arewa maso Gabas, da masu kai marasa lafiya Masar ko Indiya. Wanda ya dage da hawan kamfani ɗaya yakan tara maki har a ba shi katin azurfa ko na zinariya, tare da alkawarin ƙarin kaya kyauta.

Manufar takardar ita ce amsa tambayoyi uku. Idan kamfanoni biyu suka yi tarayya a jirgi ɗaya, ƙa'idar wanne ake bi a wajen awon kaya? Shin darajar fasinja tana bin sa cikin jirgin kamfanin da ba nasa ba? Kuma mene ne rabon wanda tafiyarsa ta faro daga Yola?

1.1 Kalmomin fannu

Haɗakar lamba na nufin yarjejeniyar da kamfani ke ɗora lambarsa a kan jirgin wani kamfani, ya sayar da kujeru a ciki kamar nasa. Wanda ya ɗora lambar shi ne kamfani mai lamba, wanda ya kawo jirgi da ma'aikata shi ne kamfani mai jirgi. Yarjejeniyar miƙa fasinja ta fi wannan sauƙi: kowa yana riƙe da lambarsa, amma ana haɗa zangunansu a tikiti ɗaya. Kason asali shi ne kayan da kuɗin tikiti ya ƙunsa, ƙarin daraja kuma shi ne abin da kati ya ɗora a kai. Tsarin awo yana lissafi da jimlar kilo, tsarin ƙirga yana lissafi da yawan jakunkuna.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Shirin tara maki irin na yau ya bunƙasa ne daga 1981, lokacin da American Airlines ya ƙaddamar da AAdvantage. Tun a 1987 Michael Levine ya yi nuni da wani aibu da ke tattare da shi: sau da yawa ma'aikata ce ke biyan kuɗin tikiti, ma'aikaci kuma shi ke cin ladar, saboda haka ba shi da dalilin neman tikiti mai araha. Severin Borenstein a 1989 ya danganta tsadar tikiti da mamayar da kamfani ɗaya ke yi wa babban filin jirgi, Mara Lederman kuma a 2007 ta nuna cewa ƙawance da kamfanonin ƙasashen waje yana ƙara wa maki ƙima, har ya ƙara jawo wa kamfani fasinjoji a filayen da ya fi ƙarfi.

Ta fuskar haɗin gwiwar kamfanoni, aikin Jan Brueckner da Tom Whalen na 2000 ya yi tasiri ƙwarai. Sun gano cewa tikitin da ya haɗa kamfanoni biyu ƙawaye ya fi na waɗanda ba ƙawaye ba araha da kimanin kashi 25 cikin 100. Kevin Goh da Mark Uncles kuwa fasinjojin kansu suka tambaya a 2003, suka tarar cewa wani kaso mai kauri na matafiya 'yan kasuwa ba su da tabbacin abin da ƙawancen ke ba su, ko kuma sun yi masa gurguwar fahimta.

Waɗannan ayyuka sun yi tarayya a abu biyu. Na farko, hankalinsu yana kan farashi da maki, kaya ba su dame su sosai ba. Na biyu, fasinjan da suke hange mazaunin babban birni ne a Amurka ko Turai ko Ostareliya, mai ƙaramar jaka a hannu, wanda ke fita daga gidansa ya faɗa jirgin ƙawance kai tsaye. Matafiyinmu ba haka yake ba. Rubuce-rubucen tarihi kan fataucin Hausawa, irin na Abner Cohen kan unguwar Sabo ta Ibadan a 1969, da Mahdi Adamu a 1978, da Paul Lovejoy kan ayarin goro a 1980, duk sun nuna al'ummar da kaya ne dalilin tafiyarta. Jikokinsu da ke hawa jirgi a yau ba su sauya ba ta wannan fuska. A wurin mai sarin abaya ko kayan waya, jaka ta uku ta fi ɗakin hutawar filin jirgi muhimmanci nesa ba kusa ba. Wannan giɓi ne takardar ta shiga.

3.0 Hanyar Nazari

An yi amfani da hanyar nazarin takardun ƙa'ida. Takardun su ne Ƙuduri na 302 na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA. Ƙa'idar kaya ta Ma'aikatar Sufurin Amurka. Sharuɗɗan da manyan ƙawance uku suka wallafa. Yarjejeniyar Montreal ta 1999. Da Kashi na 19 na ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, wanda ya shafi kare haƙƙin fasinja. An ɗora waɗannan ƙa'idoji a kan hanyoyin gwaji da suka faro daga Yola. Hanyoyin misalai ne na nazari, an gina su da kamfanoni da biranen gaske. An taƙaita kan ajin gama-gari, domin a nan ne ƙarin daraja ya fi yin tasiri.

4.0 Nazari

4.1 Kamfanoni uku a takarda ɗaya

Duk wanda ya duba takardar tikitinsa da kyau zai iya cin karo da kamfanoni uku. Lambar tikiti tana da alƙaluma 13, ukun farko su ne shaidar kamfanin da ya fitar da shi, misali 071 na Ethiopian Airlines ne. A gaban kowane zango akwai haruffa biyu da lambar jirgi, kamar ET na Ethiopian, ko MS na EgyptAir, ko KP na ASKY. Wannan shi ne mai lamba. A ƙarƙashinsa, cikin ƙananan haruffa, wani layi yakan faɗi sunan kamfanin da zai ɗauki fasinja, wato mai jirgi. Can gefe kuma akwai ɗan gurbin da aka rubuta 2PC ko 30K, ma'ana jaka biyu ko kilo 30. Wannan ɗan gurbi kason asali kaɗai yake nunawa a mafi yawan lokuta. Ƙarin daraja sai a kantar awo yake bayyana, idan na'ura ta gane lambar katin, kuma ma'aikacin da ke zaune a kantar umarnin mai jirgi yake bi.

Mai bin mota daga Jimeta zuwa Kano ya san irin wannan. Ya yi cinikin kujera da kuɗin kaya da direba ɗaya, a Gombe direban ya sayar da fasinjojinsa ga wata mota, sabon direba ya dubi buhunan ya ce shi ba da shi aka yi ciniki ba. Bambancin shi ne a jirgi an rubuta ƙa'idar wanda za a bi, sai dai ba inda fasinja zai gani aka rubuta ta ba.

4.2 Kason asali yana bin lamba

Ƙuduri na 302 ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2011. Ya tanadi cewa idan ƙa'idojin kamfanonin da ke cikin tafiya sun yi daidai, shi ke nan. Idan sun saɓa, a bi ta kamfani mafi rinjaye. Rinjayen ba da tsawon tafiya ko girman kamfani ake auna shi ba, da taswirar IATA ne. Taswirar ta kasa duniya yanki uku: nahiyoyin Amurka, sai Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka a haɗe, sai Asiya da Ostareliya. Kamfanin da ya fara tsallaka iyaka daga yanki zuwa yanki shi ne mafi rinjaye. Idan tafiyar ba ta fita daga yanki ɗaya ba, sai a dubi wanda ya fara tsallaka ƙaramin yanki, misali daga Afirka zuwa Turai. Idan a cikin ƙaramin yanki ɗaya ake, wanda ya fara ƙetare iyakar ƙasa shi ne.

A hanyar Abuja zuwa Addis Ababa zuwa Guangzhou, zango na biyu ne ya tsallaka zuwa Asiya, don haka ƙa'idarsa ce ke hawa kan jakar tun daga Abuja. A hanyar Kano zuwa Alƙahira zuwa Jidda kuwa zangon farko ne mai rinjaye, domin taswirar IATA ta sanya Masar cikin Gabas ta Tsakiya, ko da yake kowane ɗan firamare ya san a Afirka take. Irin wannan ne ke sa hatta wasu masu sayar da tikiti su ruɗe.

Da farko, idan zango mai rinjaye na haɗakar lamba ne, ƙa'idar mai jirgi ake bi. Daga 1 ga Afrilu 2015 aka juya: ta mai lamba ce ke aiki, sai fa idan shi da kansa ya wallafa cewa a bi ta mai jirgi. Gyaran ya yi daidai, domin da mai lamba fasinja ya yi ciniki. Amurka ta wuce nan. Tun 2012 ƙa'idarta ta tilasta cewa duk tikitin da ya faro ko ya ƙare a ƙasarta, kason da ya hau kan fasinja a farkon tafiya shi zai bi shi har ƙarshe, zuwa da dawowa, kuma a jirgin haɗaka mai lamba ake dubawa. Kanada ta ɗauki makamanciyar wannan a 2015.

4.3 Ƙarin daraja yana bin jirgi

Nan ne gizo ke saƙa. Ƙarin daraja alheri ne da kamfanoni suka yarda su yi wa manyan fasinjojin juna, kuma a cikin ƙawance aka ƙulla shi. Star Alliance, wanda aka kafa a 1997, yana ba mai katin zinariya ƙarin kilo 20 a tsarin awo, ko ƙarin jaka ɗaya a tsarin ƙirga. A oneworld, na 1999, mai daraja mafi girma yana samun kilo 20, mai bi masa kilo 15, ko ƙarin jaka. SkyTeam, na 2000, yana ba da kilo 10 ga matakin farko da kilo 20 ga na sama, ko jaka ɗaya. Ko a cikin ƙawancen ma wasu kamfanoni sun cire tikitocinsu mafi araha daga wannan alheri.

Sharaɗin da ya fi komai nauyi shi ne jirgin ya kasance na ɗan ƙawance. A oneworld ma sai mai lamba da mai jirgi duk sun zama 'yan ƙawancen. Ke nan ƙa'idar 2015 ta karkata kason asali zuwa ga mai lamba, ƙarin daraja kuma ya tsaya a wurin mai jirgi. Jaka biyun farko suna bin doka ɗaya, ta ukun tana bin wata.

Kamfanonin da matafiyin Arewa ya fi hawa sun rarrabu a ƙawancen. EgyptAir da Turkish Airlines sun shiga Star Alliance a 2008, Ethiopian a 2011. Saudia ya shiga SkyTeam a 2012. Qatar Airways ya shiga oneworld a 2013, ya kuma fara sauka Kano a 2022. Royal Air Maroc ya bi shi cikin ƙawancen a 2020. Emirates ba ya cikin ko ɗaya. Muddin mai katin zinariyar ShebaMiles na Ethiopian ya hau jirgin Ethiopian ko na EgyptAir, darajarsa tana tare da shi.

Matsalar tana ɓullowa ne daga abokan hulɗa na gefe. ASKY, mai cibiya a Lome, ya fara tashi a 2010 da tallafin Ethiopian, kuma lambar ET tana hawa jiragensa, amma shi ba ɗan Star Alliance ba ne. A ɗauki malamin jami'a da ya tara darajarsa a Turkish Airlines, ya sayi tikitin Abuja zuwa Lome zuwa Newark, zangunan biyu duk da lambar ET. Ƙa'idar Amurka ta tabbatar masa da kason asali na Ethiopian tun daga Abuja. Amma kantar da zai miƙa kayansa ta ASKY ce, kuma alkawarin Star Alliance bai rataya a wuyan ASKY ba. Jakarsa ta uku ta dogara ne ga abin da kamfanonin biyu suka ƙulla tsakaninsu, yarjejeniyar da fasinja ba ya ganin ta. Haka lamarin yake tsakanin Qatar Airways da RwandAir, waɗanda suka ƙulla haɗakar lamba a 2021: na farko ɗan oneworld ne, na biyu ba ya ciki. Ya kamata kuma a rarrabe tara maki da ƙarin kaya. Kamfanoni biyu na iya yarda fasinja ya tara maki a jiragen juna ba tare da sun yarda da ƙarin ko kilo ɗaya ba, kuma yawancin fasinjoji suna ɗaukar abu biyun ɗaya ne.

A ra'ayin wannan takarda, wannan tsari bai yi wa fasinja adalci ba. Kamfanin da ya ɗora lambarsa a kan jirgi ya ci moriyar sunansa wajen sayar da kujera. Bai dace ya janye jiki a lokacin awo ba.

4.4 Zangon Yola

Duk bayanin da ya gabata ya shafi wanda tafiyarsa ta faro daga Abuja ko Kano ko Legas. Mutumin Rumde yana da zango guda kafin nan, na kimanin awa ɗaya a sama, kuma wannan zangon ne ke yanke hukunci. Babu kamfanin Nijeriya ko ɗaya a cikin manyan ƙawancen uku. Saboda haka katin zinariyar Star Alliance ba shi da wani tasiri a kantar awo ta Yola. Bugu da ƙari, galibi tikiti biyu matafiyin ke saya: na cikin gida daban, na waje daban. Ƙuduri na 302 kuwa tafiyar da aka haɗa a tikiti ɗaya yake hukunta. Tikiti biyu kwangila biyu ce, kowace da ƙa'idarta.

Lissafin a bayyane yake. Tikitin gama-gari mai jaka biyu na kilo 23 ya ba shi kilo 46. Katin zinariya ya ƙara jaka ɗaya, ya zama 69. Kason jiragen cikin gida a ajin gama-gari galibi yana tsakanin kilo 15 zuwa 23, gwargwadon kamfani da nau'in tikiti. Ko da an ɗauki mafi yawa, kilo 46 sun zama rara, kuma kilo-kilo ake biyan kuɗin rara. Kashi biyu cikin uku na abin da aka yi masa alkawari ke nan ba sa tashi daga Yola kyauta.

A tafiya abin yana da sauƙi, domin ɗan kasuwa da jaka mara nauyi yake fita, sai dai mai kai wa 'yan uwa tsarabar yaji da kuka da daddawa. A dawowa ne nauyin yake. Ya sauka Abuja da jaka uku naɗe da leda, ya wuce kwastan, ya tura amalanken kaya zuwa ɓangaren jiragen cikin gida, a sake ɗora su kan sikeli ɗaya bayan ɗaya. A nan ake ganin mutum ya tsuguna gaban kanta yana zuge jaka, yana kwashe takalma da turare yana cusawa a jakar hannu, ko yana neman wani fasinja mara kaya da zai karɓar masa guda. Wannan na ƙarshe haɗari ne ga duka biyun, domin wanda sunansa ke jikin tambarin jaka shi doka ta sani da abin da ke ciki. Wasu kuma tasha suke kai rarar, a yi mata takardar aike ta biyo mota, ta kwashe yini guda ko fiye a hanya.

Adalci ne a faɗi uzurin kamfanonin cikin gida. Wasu daga cikin jiragen da ke bin hanyoyin Arewa ƙanana ne, irin Embraer mai kujera 50, kuma rumbun kayansu bai da faɗi. Zafin Yola a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, don haka nauyin da jirgi zai iya tashi da shi yana raguwa. Kamfanin da bai karɓi ko kwabo daga kuɗin tikitin waje ba, ba shi da dalilin ɗaukar kilo 69 a farashin 23.

Jigilar alhazai ta nuna cewa akwai wata hanya. Jirgin shata ne, yana tashi daga Yola kai tsaye zuwa ƙasa mai tsarki, kuma hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ita ke tsayar da kaso ɗaya ga kowa. A shekarun baya an riƙa ba alhaji babbar jaka mai kilo 32 da ta hannu mai kilo 8. Babu kati, babu daraja, amma alhajin Rumde ya san kasonsa tun kafin ya bar gida, abin da mai katin zinariya bai samu ba.

4.5 Diyya

Idan jaka ta ɓata ko ta lalace, Yarjejeniyar Montreal ce ke aiki. Ta fara aiki a 2003, kuma Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2006, da wadda ta maye gurbinta a 2022, sun shigar da ita cikin dokokin Nijeriya. Sashe na 39 zuwa 48 na yarjejeniyar sun yi magana kan kamfanin da ya ƙulla kwangila da wanda ya yi ɗaukar a zahiri: na farko yana da alhakin tafiyar duka, na biyu yana da alhakin zangon da ya yi, fasinja kuma yana iya ƙarar wanda ya ga dama ko su biyun. A nan dokar ta fi ƙa'idar kaya tsabta. Wa'adin kai kuka a rubuce kwana 7 ne idan lalacewa ce, kwana 21 idan jinkiri ne.

Abin lura shi ne iyakar diyyar a kan fasinja take, ba a kan kilo ba. Daga 28 ga Disamba 2024 ta zama 1,519 a ma'aunin SDR na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kimanin dala 2,000. Kati ba ya ɗaga wannan iyaka. Mai kilo 46 kowane kilonsa yana da kariyar kusan dala 43, mai kilo 69 kuwa kusan dala 29. Ɗan kasuwar da ya cika jaka ta uku da haja mai tsada ya ƙara kaya bai ƙara kariya ba, sai idan ya bayyana ƙimar kayan a kanta ya biya ƙarin kuɗi, kamar yadda sashe na 22 ya ba da dama. Idan kuma jakar ta yi jinkiri a zangon waje, kamfanin da tikitinsa ya ƙare a Abuja, a nan alhakinsa ya tsaya. Mai ita yana Jimeta.

5.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Mai sayar da tikiti a Jimeta yana iya rage rabin ruɗanin tun a ofishinsa, idan ya shigar da lambar katin fasinja a lokacin yanka tikiti, ya nuna masa layin mai jirgi a kowane zango, ya kuma gaya masa ƙarara cewa jaka ta uku ba tabbas ba ce a jirgin da ba na ƙawance ba. NCAA kuma tana da hurumi a ƙarƙashin Kashi na 19 ta wajabta cewa duk tikitin da aka sayar a Nijeriya ya nuna kason asali da ƙarin daraja zango-zango, ta kuma duba ɗaukar ƙa'ida irin ta Amurka da Kanada. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka rungumi kasuwar bai-ɗaya ta sufurin jiragen Afirka da aka ƙaddamar a Addis Ababa a Janairun 2018, kuma haɗakar lamba tsakanin kamfanonin nahiyar ƙaruwa za ta yi, don haka gara a tsayar da ƙa'idar tun yanzu.

Babban gyaran dai yana ga yarjejeniyar miƙa fasinja. Wadda Emirates da Air Peace suka sanar a farkon 2025, bayan Emirates ya dawo Legas a Oktoban 2024, ta nuna cewa kamfanin Nijeriya na iya cika sharuɗɗan. Irin wannan yarjejeniya ba ta ba da ƙarin daraja, amma tana shigar da zangon cikin gida cikin tikiti ɗaya, kuma a tafiyar ƙasa da ƙasa zangon cikin gida ba ya zama mai rinjaye. Da za a yanka Yola zuwa Abuja zuwa Addis Ababa zuwa Guangzhou a tikiti ɗaya, ba tare da tsayawar da ta wuce awa 24 ba, kilo 46 na kason asali za su hau tun daga kantar Yola, rarar ta ragu daga kilo 46 zuwa 23. Abin da ya rage a sasanta shi ne rabon da kamfanin cikin gida zai samu daga kuɗin tikitin, wanda dole ya isa ya biya masa ɗaukar jaka ta biyu a ƙaramin jirgi cikin zafin bazara. Gwamnatin Adamawa da 'yan kasuwar Jimeta suna da ta cewa a nan, domin sunan Yola ba zai shiga jerin biranen irin wannan yarjejeniya ba sai an nuna wa kamfanonin yawan fasinjojin da ke sauka Abuja da Legas daga ƙasashen waje suna neman jirgin Yola.